Muryar Mai Kujera

Yayana Derlis gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya yi jim kafin ya amsa, don a ransa aikinsa shi ne ƙera duniya. Kowace Lahadi, da an tashi daga barcin rana, mukan fito da teburin ƙarfe ƙarƙashin mangwaron gidanmu a Lambaré, ya baza taswirar da ya zana da hannunsa, kowa ya ɗauki mutumin da zai zama a cikin labarin. Shi ke riƙe da labarin. Shi ne sarki, shi ne ɗan fashi, shi ne tsohuwa mai sayar da kifi, duka da baki ɗaya. Mu namu mu faɗi abin da mutanenmu za su yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ke nan, ba roƙo. Ni matsafiya ce a ciki. Abokinsa Osmar, direban bas, jarumi ne mai gatari, don bai iya komai ba sai sara. Mirna kuma mafarauciya.

Mirna ita ce maganar. Derlis ya nemi aurenta, ta yarda, amma ta ce ba za a sa rana ba sai babanta ya sa albarka, kuma duk wanda ya san Mirna ya san ba ciniki take yi ba. Ita kaɗai ta rage wa tsohon tun da uwarta ta rasu. Sunansa Don Eulalio, tsohon malamin makaranta ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, bai ce a'a ba, bai ce e ba, kuma ba ya shiga gidan mutane. Mirna ta ce mana, "Kada ku jira ya buɗe baki, ba zai yi ba. Ranar da ya shigo gidanku ya zauna ya sha ruwan ganyen tereré da ku, ya tashi lafiya, to ya yarda. Haka yake."

A watannin nan ne Derlis ya shiga wani hali da abin bautar da ke cikin duniyarsa. Urmando sunansa, azzalumin da ya mulki sama har sauran alloli suka haɗa kai suka jefo shi ƙasa. Da farko ya yi shi da ƙahoni da sarƙoƙi da wuta na fita ta hanci. Muka yi wata da watanni muna tafiya wurinsa, da muka isa Osmar ya yi hamma, ya jefa ɗan lido, ya sare masa kai kafin ƙanƙarar flas ta narke.

"Wannan ne dodon naka?" in ji Osmar. "Surukata ta fi shi ban tsoro, kuma ita ko ƙaho babu."

Derlis ya yi dariyar yaƙe, amma abin ya ci masa rai. Ya ce wancan ba shi ba ne, inuwarsa ce, mu jira. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida yana magana shi kaɗai, har na fara tunanin kai shi asibiti. Wata safiya ina daka na'a-na'a a turmi ya zo ya tsaya a kaina, idanu jawur.

"Zuni, na gane inda na yi kuskure. Ba cikin wuta ya faɗa ba, cikin wani ƙauye ya faɗa. Ya tsufa, yana zaune a kujera a tsakar gida, mutanen ƙauyen ke ba shi abinci. Ba shi da sauran ƙarfi ko kaɗan, amma har yau in za su wuce ƙofarsa sai su rage murya. Ba ya tsawa. Tambaya kawai yake yi, cikin ladabi."

"To ina abin tsoron?"

"Murya. Murya nake nema, kuma na samu."

Kowane mai riƙe da labari ɓarawon murya ne. Tsohuwa mai kifin nan muryar maƙwabciyarmu Ña Liduvina ce, sarkin kuma wani limamin coci ne mai magana ta hanci. Don haka ban tambaye shi ta wa ya sata ba wannan karon. Ya sa wa sabon Urmando laƙabi, Mai Kujera, ya ajiye shi sai ranar da ta dace. Da Mirna ta aiko cewa babanta zai zo Lahadi, sai gogan naka ya yanke cewa ranar ce ta dace. Na ce masa ya bar wasan nan a gefe, mu ci chipa, burodinmu na rogo, mu yi hirar ƙwallo kamar mutane. Ya ce so yake tsohon ya ga abin da ya fi iyawa a duniya. Ban ja ba, don ya ba ni tausayi.

Ranar na share tsakar gida har sau biyu. Na sa wa Kaka farar riga, na taje masa kai, na turo kekensa na marasa lafiya inuwa kamar kullum. Sunansa Don Crescencio, mahaifin mahaifiyarmu ne, shi ya rene mu bayan ta tafi aiki Buenos Aires ba ta dawo ba. Abin da muka sani ya yi aiki da 'yan sanda a zamanin mulkin kama-karya, yana buga tafireta, ya yi ritaya. Shi ya koya wa Derlis keke, shi ke cire min ƙaya a ƙafa. Kowace safiya mukan haɗa tafukan hannu a gabansa ya sa mana albarka, har bayan da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta koma sai ɗai-ɗai. Yakan wuni bai ce uffan ba. In ya kira ni ma da sunan mahaifiyarmu yake kira.

Don Eulalio ya shigo da hula a hannu, ya gaida kowa, ya duba inda ƙofa take, ya zaɓi kujerar da ke fuskantarta. Kujerar ta faɗo daidai hannun daman Kaka. Ni ce ƙarama, ni ke zuba tereré, shayinmu na ruwan sanyi. Na cika ƙahon sa da muke sha a ciki da ganye, na soka bututun ƙarfe, na zuba ruwan ƙanƙara, na fara miƙa wa babba kamar yadda ake yi. Daga Kaka ƙaho ya dawo hannuna, in cika, in ba Don Eulalio, daga shi Mirna, Derlis, Osmar, ni. Ƙaho ɗaya, bututu ɗaya, kowa ya zuƙe nasa tas. Hannun Kaka na rawa, sai na ga baƙon ya miƙa nasa ya tallafa masa ƙahon, da ruwa ya zubo masa a haɓa ya ciro hankicinsa ya goge masa. Mirna ta kalle ni, na kalle ta. A raina na ce an gama, sai ɗinkin riga.

Derlis ya yi masa bayanin wasan yana in-ina.

"Wato ƙarya za mu yi bi da bi," in ji Don Eulalio.

"Ƙarya ce mai doka, Don Eulalio. Wannan ne alƙalin." Ya ɗaga ɗan lidon.

"To ya fi wasu alƙalan da na sani. Wa zan zama?"

Aka ba shi tsohon mai kwale-kwale wanda zai tsallakar da mu kogi zuwa ƙauyen. Abin mamaki, tsohon ya iya. Ya ce ba zai ɗauki mai gatari ba sai ya zauna a tsakiya, don irin wannan jiki kifar da jirgi yake yi. Osmar ya ce ƙashi ne ba kitse ba. Don Eulalio ya ce kogi bai san bambanci ba. Muka yi dariya, Mirna ta fi kowa, har da hawaye, don ta daɗe ba ta ji babanta na tsokanar wani ba. Ƙaho ya yi ta zagayawa, chipa ya ƙare, na kawo wani kwano. Ban taɓa ganin yayana cikin farin ciki irin na wannan sa'ar ba.

Muka tsallake kogi, muka shiga ƙauyen. Derlis ya rage murya. Ya ce karnukan ƙauyen ba sa haushi. Ya ce wata mata ta nuna mana gidan da haɓa, ba ta yarda ta ɗaga yatsa ba. A tsakar gidan akwai tsoho a kujera, bargo a gwiwa, kwanon rogo a gefensa.

"Na zaro gatari," in ji Osmar.

"Ka zaro. Bai ko kalle ka ba. Mai kwale-kwale yake kallo."

Sai Derlis ya jingina, ya saki kafaɗu, ya karkata kai gefe guda. Ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya ƙwanƙwasa bakin tebur a hankali, kamar zobe a hannun kujera. Tun kafin ya buɗe baki na gane, na kusa fashewa da dariya, don Kaka ne sak, Kakan da muka sani kafin ciwo.

"Zauna, ɗana," ya ce, cikin wata murya mai taushi, yana jan kowace kalma. "Ba sauri muke ba. Ka ci abinci kuwa? A kawo masa ruwa."

Osmar ya ajiye chipan da ke hannunsa. Gaskiya abin ya yi kyau, tsigar jikina ma ta tashi, duk da cewa ni da waɗannan kalmomin aka lallashe ni duk ranar da na fasa wani abu.

"Ni ba na son ganin ana wahalar da mutum," Derlis ya ci gaba. "Kai ne za ka taimake ni kada in gani. Su wa ka tsallakar da su, ɗana? Fara da wanda ka fi so." Sannan ya dawo muryarsa, yana murmushi. "Don Eulalio, ku jefa mu gani ko za ku iya riƙe bakinku."

Don Eulalio bai taɓa ɗan lidon ba. Hannayensa biyu na kan gwiwoyinsa, yana kallon makullin.

"Ka manta rediyo," ya ce.

"Na'am?"

"Kafin ya yi tambayar. Sai ya ce a ƙara muryar rediyo, maƙwabta na da yara."

Ina 'yar ƙarama, duk ranar da Kaka zai cire min ƙaya da allura, sai ya ce wa Derlis ya ƙara rediyo kada kukana ya dami maƙwabta. Derlis kuwa bai fahimci komai ba. A wajen masu wasan nan babu yabon da ya kai ɗan wasa ya ƙara wa labarinka wani abu daga kansa, don haka fuskarsa ta washe.

"Wallahi haka yake cewa. Ya aka yi kuka sani?"

"A ina ka samo muryar nan, yaro?"

"Ai ga mai ita nan kusa da ku. Da kun san shi lokacin yana da lafiya, da kun ce ban iya komai ba."

Don Eulalio ya juya a hankali, ba wuya kaɗai ba, duk jikinsa. Ya dubi tsohon da ke kusa da shi, farar riga, gashi a taje, baki a ɗan karkace, zoben azurfa ya yi wa yatsa yawa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro hankicin nan, ya ajiye shi a kan tebur, ya goge yatsunsa a wando.

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba," ya ce. "Buhu suke sa mana a kai. Sunansa ma ba mu sani ba. Muna ce masa Mai Ladabi."

"Baba," in ji Mirna, "me kake faɗa?"

"Ina koyar da manoma karatu a ƙauye, kafin a haife ki. Aka kwashe mu. Sauran masu duka ihu suke, suna zagi, in sun gaji su tafi. Shi ba ya gajiya, kuma bai taɓa zagin uwar kowa ba."

"Ƙafar nan, ka ce min daga kan doki ka faɗo."

"Na ce miki."

Ni duk wannan lokacin ina tsaye. Kafin maganar ta ɓalle Kaka ya gama shan nasa, na karɓi ƙahon na cika, hannuna ya riga ya miƙe wajen wanda layi ya zo kansa. Mai zuba tereré ba ya tsallake mutum. In ka tsallake wani ka ce masa ba mutum ba ne, kuma tun ina yarinya aka dasa min wannan a hannu, har hannun ya fi ni sani. Ga ni nan a tsaye ina miƙa masa bututun da bakin Kaka ya jiƙa, na kasa janyewa, na kasa sakewa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Don Eulalio ya dubi bututun. Na san yana tuna duk zagayen da ya riga ya sha.

"Na gode, 'yata," ya ce.

A wurinmu ba a cewa na gode sai in mutum ya fita daga zagaye. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Don Eulalio," in ji Derlis, "na rantse ban sani ba. Tafireta aka ce mana."

"Na yarda ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka yi ta da kyau haka ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Mirna, yaron nan bai yi min komai ba. Ban hana ki ba, kuma ba zan hana ba. Ni dai ba zan iya zama ba. Zan tsaya a bakin titi, in kin zo mu tafi, in bas ya riga ki zan shiga."

Ya kama hanyar ƙofa. Tsakar gidanmu dogo ne, kuma shi ba ya sauri.

Layi ya zo kan Mirna. Na miƙa mata don ban san abin da zan yi ba in ba haka ba, ta karɓa da hannu biyu. Derlis ya durƙusa a gefen kujerarta, yana magana ba kai ba gindi. Ya ce za su kama haya a wata unguwa, ba za ta sake ganin tsohon ba. Ya ce zai ƙona taswirar. Ya ce ta dube shi da kyau, wannan ba mutumin ba ne, ɓawo ne kawai ya rage, wanda ya yi abin ya daɗe da tafiya. Osmar ya sunkuyar da kai yana juya ɗan gunkin jaruminsa a hannu.

"Ba kakanka zan aura ba," in ji Mirna. Hawaye na zuba amma muryarta a tsaye. "Na sani. Amma ka faɗa min gaskiya, Derlis. Ba ya tuna komai?"

"Ko sunana bai sani ba. Tambayi Zuni."

"Zuni?"

Na ce mata gaskiyar da na sani. Na ce jiya ma ya tambaye ni gidan wa muke, kuma yakan yi kuka in ya ga fuskarsa a madubi don yana zaton baƙo ne. Ta gyaɗa kai. Ta dubi bayan babanta, ya kusa kai wa ƙofa, yana jan ƙafar. Ta dubi Derlis a durƙushe. Na ga lokacin da ta yanke, kuma wajen yayana ta yanke, don ta share fuska da bayan hannu ta ɗago ƙahon zuwa bakinta. Allah ya sani na ji daɗi. Duk da abin da na ji da kunnena, na ji daɗi.

Sai zobe ya ƙwanƙwasa ƙarfen keke.

Kaka ya ɗago kai. Idanunsa, waɗanda suka daɗe kamar ruwan wanki, sun tsaya cak a kan mutumin da ke buɗe ƙofa.

"Malamin manoman nan ne," ya ce. Kalmomin suka fito tar, ba ko ɗaya da ta karkace. "Mai taurin kai. Ko suna ɗaya bai ba ni ba." Ya ɗan karkata kai yana nazarin tafiyar, irin yadda yake duban shingen gida in ya gama aske shi. "Dubi, ta hagu ce kaɗai. Yaran sun so su haɗa duka biyun. Ni na ce a bar masa ta dama, ya samu ta komawa gida."

Ya juyo ya yi wa Mirna murmushi, yana jiran a yaba masa.

Bututun bai kai bakinta ba. Ta ajiye ƙahon a kan taswira, bai zauna ba, ya kife, koren ruwa ya malale kogin da ƙauyen ya ɗiga ta bakin tebur. Ta ɗauki jakarta, ta ɗauki hankicin babanta, ta sake ajiye shi, ta bi shi. Na hango ta ta cikin ƙofa ta kama hannunsa ta gefen hagu. Ba ta sake taka gidanmu ba, kuma da Derlis ya je can bayan kwanaki, tsohon ne da kansa ya fito ya ce masa cikin mutunci ta ce kada ya ƙara zuwa.

Ranar dai Osmar ya tattara 'yan lidon a jakarsu, ya dafa kafaɗar Derlis, ya fita ba sallama. Yayana ya zauna a ƙasa inda ya durƙusa. Kaka ya koma inda hankalinsa yake tafiya, baki a buɗe, yana kallon ganyen mangwaro, can ya kira ni da sunan mahaifiyarmu ya ce yana jin sanyi. Na tsaya ina kallonsa, na tsane shi, kuma na san inda bargonsa yake.

Da rana ta faɗi lokacin wankansa ya yi, kuma ba mai yi masa sai mu. Na ɗora ruwa a wuta, na sirka, na taɓa da gwiwar hannu. Derlis ya kama wajen kafaɗu, ni na kama ƙafafu.